Zauren Tambaya: Waƙa a bakin wa ta fi daɗi?

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan watan sun same ni muna kaɗe riɗi, don haka wanda ya ga amsarsa ta yi jinkiri ya yi mini afuwa. Riɗi ba ya jiran kowa. In ka bar shi ya wuce kwanansa a tsaye, ƙasa da tururuwa ne za su raba maka shi. Sai bayan isha'i nake samun zama in buɗe waya.

A fitowar da ta wuce na yi wata 'yar magana a layi biyu kacal, na ce duk mai son rubuta waƙar wasan kwaikwayo ya nemi labarin wani Ba'amurke mai suna Stephen Sondheim. Ashe na taɓo inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi. Ga huɗu daga cikin saƙonnin da suka biyo baya.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa. Ni matashi ne, ina da rumfar cajin waya a kusa da Gujungu, kuma ni nake rubuta wa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo waƙa. Na nemi mutumin nan a intanet, na ga ba mawaƙi ba ne, ban ga inda ya riƙe makirfo ba, amma an ce da ya mutu har fitilun gidajen wasa aka rage don girmama shi. Wane ne shi, me ya yi? Kuma da gaske ne mutum ɗaya ke rubuta baiti ya kuma sa kiɗa? Mu nan ni nake rubutawa, sai mu kai wa mai fiyano a Kano. Na haɗo da baitoci uku na wasanmu na ambaliya, ka duba mini.

AMSA: Yauwa ɗana, Allah ya yi albarka. Baitocinka suna nan, zan zo kansu a ƙarshe, ka daure.

Kafin mutumin, bari mu fara da sana'ar, don in ba ka san kasuwa ba ba za ka gane dillalinta ba. A birnin Niyok akwai wata unguwa ta gidajen wasa da ake kira Burodwe. Abin da aka fi saninta da shi wasan daɓe ne mai waƙa: 'yan wasa suna magana kamar kowa, in magana ta kai inda baki ba zai iya ɗauka ba sai ta koma waƙa, makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandali suna bi. Kada abin ya zame maka baƙo. Ka tuna tashe, in azumi ya kai goma: yaro ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda, yana waƙa 'yan'uwansa suna amshi, kuma a cikin waƙar ake ba da labarin, ba a gefenta ba. To wancan ɗin tashe ne da ya samu jari, da rufi, da tikiti. Ana yin wasa sau takwas a mako, kuma muddin mutane suna saye ana ci gaba, ko shekara nawa ne. Ranar da kujeru suka zama fanko, a kashe fitila kowa ya kama gabansa.

An haifi Sondheim a Niyok ranar 22 ga Maris, 1930. Iyayensa Yahudawa ne masu sana'ar tufafin mata, uban yana da kamfanin, uwar tana zana samfurin. Yana ɗan shekara goma auren ya mutu, uwar ta tafi da shi karkara a jihar Pensilbaniya. Zamansa da uwar bai yi daɗi ba ko kaɗan, har ta kai da ta rasu a 1992 bai je jana'izarta ba, abin da kunnen Bahaushe ba zai ji ya yi shiru ba. Amma a ƙauyen nan Allah ya haɗa shi da maƙwabci. Ya yi abota da wani yaro, uban yaron kuwa shi ne Oscar Hammerstein, wanda a zamanin babu kamarsa wajen rubuta baitocin irin wannan wasa. Yaro ya maida gidan nan gidansu. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa da mutumin nan masanin duwatsu ne, da shi ma duwatsu zai karanta. Uba ya nema, sana'ar ta biyo baya.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Yana ɗan shekara 15 ya rubuta wa makarantarsu wasa mai waƙa, 'yan makaranta suka yi ta tafi, kansa ya kumbura. Ya ɗauki rubutun ya kai wa Hammerstein, ya ce ya duba masa kamar bai san shi ba. Dattijo ya karanta, ya kira shi, ya ce masa bai taɓa karanta abu marar kyau kamar wannan ba. Sannan ya ƙara da cewa bai ce ba shi da baiwa ba, in yana so ya zauna a nuna masa dalili. Suka zauna tun daga layin farko, suna bi ɗaya bayan ɗaya har yamma ta yi. Sondheim ya rayu shekara 91, kuma har tsufansa yana cewa abin da ya koya a yinin nan ya fi abin da wasu ke koya a tsawon rai.

Ni abin da ya fi burge ni ba zafin maganar ba ne, kowa ma ya iya kushe. Zaman ne. Da yawa daga cikinmu malamai mun iya cewa "bai yi ba", mu miƙa wa yaro takardarsa mu juya. Wasu kuma, don kada a ce sun kashe wa yaro gwiwa, sai su ce "ma sha Allah, ci gaba", alhali sun san shirme ne. Duk biyun guje wa aiki ne.

Daga nan dattijon ya yanka masa aiki huɗu, kamar yadda maƙeri ke fara ba yaro zuga-zugi kafin ya ba shi masaba. Ya ɗauki wasan kwaikwayon da yake ganin ya yi kyau ya maida shi mai waƙa. Ya ɗauki wani mai rauni ya gyara shi. Ya ɗauki labarin da ba wasa ba ne ya maida shi wasa. Sai a na huɗu ya ƙirƙiri nasa. Shekaru ya yi yana wannan aiki, yana kuma karatun kiɗa a kwalejin Williams, inda ya gama a 1950, ya ƙara da zama gaban wani gwanin tsara kiɗa mai suna Milton Babbitt. Wasansa na farko da aka shirya kaiwa Burodwe ya wargaje saboda mai ɗaukar nauyin ya rasu.

Ƙofa ta buɗe masa ne da West Side Story a 1957, labarin soyayya tsakanin ɓangarori biyu na 'yan daba masu gaba da juna. Baiti kawai aka ce ya rubuta, kiɗan na Leonard Bernstein ne. Ya so ya ƙi, don shi a ganinsa mai tsara kiɗa ne, ba mai cike gurbi da kalmomi ba. Hammerstein ya ce masa ya karɓa, zama da manya karatu ne. Haka aka sake yi a Gypsy a 1959, inda babbar 'yar wasan ta ce ba za ta yarda sabon hannu ya tsara mata kiɗa ba. Ya haɗiye, ya sake rubuta baiti kawai.

A wasan farkon nan akwai wata waƙa da duniya ta so, shi kuwa ya yi ta jin kunyarta har ya mutu. Yarinyar da ke rera ta baƙuwa ce, ba ta daɗe da zuwa Niyok daga tsibirin Fotoriko ba, Turancinta bai nuna ba. Amma ya cika mata baki da amsa-amo na gwaninta, har a tsakiyar layi, don a san yaro ya iya. Wani abokinsa marubuci ya ja shi gefe ya nuna masa cewa wannan ba muryar yarinyar ba ce. Ya koma ya sauƙaƙa, abokan aikin suka ce a'a, ta farkon ta fi daɗi, haka za ta tafi.

Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai, don ni ma na taka wannan ƙaya. Lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar kwana, na rubuta wasa don ranar ba da kyaututtuka. Akwai 'yar Fulani mai tallan nono da ke son wani saurayi, na sa mata waƙa a baki:

Zuciyata ta afka kogin tunani,
Begenka lu'ulu'u ne a ma'adani.

Ina ji da baitin nan kamar me. Muna gwaji a ɗakin cin abinci, wata dattijuwa cikin masu dafa wa ɗalibai tana kankare tukunya a bakin ƙofa. Da yarinyar ta gama, sai ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ai ba 'yar Fulani ba ce, kai ne ka ɗaura zane." Ɗalibai suka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. Da aka watse na koma na ce, "Iya, to me za ta ce?" Ta ce ita ba ta san waƙa ba, amma ta san in mai nono tana son mutum, ajiye masa take yi, ta wuce masu saye ba ta ko ɗaga murya ba. Daren nan na rubuta:

Gida uku na wuce ban ce ga nono ba,
Don kada ya ƙare kai ba ka iso ba.

Babu so a ciki, babu bege, babu zuciya. Ranar wasa kuwa, a nan ne matan da suka zo daga cikin gari suka rangaɗa guɗa. Muna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, muna nufin wanda ya yi ta. A wannan sana'a mai ita ba kai ba ne. Mai ita ita ce mai nonon.

Sai a 1962 Sondheim ya samu ya haɗa biyun, baiti da kiɗa, a wani wasan barkwanci na zamanin Rumawa, aka yi shi sau 964. Shekara biyu bayan haka ya fito da wani, sau tara aka yi aka rufe. Ka lissafa, mako guda da kwana ɗaya ke nan.

Shekarunsa na ganiya su ne daga 1970 zuwa 1979, shi da mai ba da umarni Harold Prince. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne irin labarin da yake yarda a yi wa waƙa. Company, na 1970, labarin wani tuzuru ne ɗan shekara 35 da abokansa ma'aurata suka sa a gaba, shi kuma yana leƙa aurensu yana ja da baya. Mu a Kano Nalako ne ke fita kamun gwauraye da azumi a yi dariya a watse; shi sai ya shiga cikin zuciyar wanda aka kama ɗin. A 1976 ya yi wasa a kan zuwan jiragen yaƙin Amurka gaɓar Japan a 1853. A 1979 ya yi Sweeney Todd, labarin wani wanzami a Landan da alƙali ya zalunta, ya dawo yana yanka masu zuwa aski, maƙwabciyarsa tana cusa naman a cikin abin sayarwa. Wani ɗan ƙanena ne ya sa mini shi a waya. Na yi mako biyu ina duban askar wanzaminmu da wutsiyar ido, bawan Allah bai san laifin da ya yi ba.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu, kuma da misali zan ba ka. A wasansa na 1973 akwai 'yar wasa mai suna Glynis Johns. Muryarta mai daɗi ce amma ba ta da dogon numfashi, ba ta iya jan sauti. Ana cikin gwaji ya koma gida ya yi mata waƙa daidai wuyanta: gajerun layuka, yawancinsu tambayoyi, kowanne ya tsaya kafin numfashi ya ƙare. Matar da ke cikin labarin tana cikin nadama ne da jin kunya, mai irin wannan hali kuwa ba ya dogon zance. Raunin murya ya zama halin mutum. Waƙar nan, Send in the Clowns, ita ce ta fi duk waƙoƙinsa shahara a wajen dandali, Frank Sinatra ya rera ta, Judy Collins ta rera ta har waƙar ta ci kyautar waƙar shekara a 1976. Da baitin yana hannun wani, kiɗan yana hannun wani a wani gari, da wuya a yi wannan ɗinki.

Mu kuwa Hausawa buƙatarmu ga wannan ta fi tasu, don harshenmu da kansa yana da kari. Ka rubuta "na bar gari", kana nufin ka yi ƙaura. Mai fiyano bai san labarin ba, ya ga kiɗansa yana son ja a gaɓar farko, sai mawaƙi ya ja ta, a ji ka bar garin tuwo. Kuka na ido da kuka ta miya, sautin murya ne kaɗai ya raba su. Ban ce sai ka koyi fiyano ba, ko da yake in ka samu hali ka koya. Amma kada ka sake ka aika takarda Kano ka zauna jira. Ka fara rera abinka da bakinka, ka ɗauka a waya, raujin ya fito daga kalmomin, sannan ka je ka zauna kusa da shi har a gama.

Saura in gaya maka faɗuwarsa, don kada ka ɗauka hanya ce shimfiɗaɗɗiya. A 1981 ya yi Merrily We Roll Along, labarin abokai uku da ake ba da shi da baya-baya, daga lalacewar zumunci zuwa ranar da aka fara haɗuwa. Mutane suka riƙa tashi suna fita ana tsakiyar wasa. Sau 16 aka yi aka rufe, aikinsa da Prince ya tsaya, shi kuma har ya yi maganar barin sana'ar. Wani matashin marubuci, James Lapine, shi ya jawo shi. Suka yi wasa a kan mai zanen nan na Faransa, Georges Seurat, wanda ke haɗa hoto da ɗigo-ɗigon launi, wasan ya ci kyautar marubuta ta Pulitzer a 1985. Suka kuma yi Into the Woods a 1987, inda suka zuba tatsuniyoyin Turawa a tukunya ɗaya: rabin farko kowa ya samu abin da yake buri, rabi na biyu a ga abin da ya biyo bayan ƙurunƙus. Sondheim ya samu kyautar Tony ta wasannin Burodwe har takwas, da kyautar finafinai ta Oscar a 1991, Shugaba Obama ya rataya masa lambar girma a 2015, akwai gidan wasa mai sunansa a Niyok da wani a Landan. Ya rasu ranar Juma'a 26 ga Nuwamba, 2021. Wancan wasa da aka guda a 1981 kuwa, an dawo da shi Burodwe a 2023, mutane suka yi ta rububin tikiti, ya ci kyauta a 2024. Mai shi yana ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Kazaure. Ɗalibaina suna son mu sa waƙa a wasanmu na ƙarshen zango, amma abin da suke nufi irin na finafinanmu ne, a tsaya a yi rawa a dawo. Mene ne bambancin wannan da wanda kake magana a kai?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kina iya yin sa yau da dare. Ki ɗauki fim, in an zo waƙa ki tura gaba. In kin ci gaba da gane labarin ba abin da ya ɓace miki, to waƙar nan ado ce, kamar lalle. Ba na zagin lalle. Waƙoƙin nanaye sun ciyar da gidaje da yawa, wasunsu kuma baitocinsu sun tsaru ƙwarai. Mun gaji tsarin ne daga finafinan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a silimun Kano, kuma sau da yawa waƙar ce ke sayar da fim ɗin, don haka ba a damu ta ɗauki kayan labari ba. Saurayi da budurwa suna son juna kafin waƙa, suna son juna a cikinta, suna son juna bayanta, an dai canza kaya sau huɗu.

A ɗaya tsarin, mutum yakan shiga waƙa da hali ɗaya ya fita da wani. Ta fara tana cewa ba za ta tafi ba, kafin baitin ƙarshe ta ɗaure kayanta. Kuma ba sai kin je Amurka neman misali ba. Ki tuna tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana: inda tsuntsu zai sauka a kan reshe ya rera waƙa ya tona asirin kishiya, ko yarinya ta tsaya a bakin kogi ta kira da waƙa a amsa mata. Cire waƙar nan ki gani ko tatsuniyar za ta tsaya da ƙafarta.

Shawarata, kada ki ce da ɗalibanki su kawo waƙa. Ki ce su nemo wuri ɗaya a wasan inda wata take da maganar da ba za ta iya faɗa wa kowa ba, ko inda dole ta yanke shawara. Nan za a sa waƙar. Guda biyu sun isa wasan minti arba'in. Ki bar su su yi da tafi da ƙwarya a kan ruwa, irin kiɗan da suka sani tun suna ƙanana, ya fi a jona waya a lasifika wuta ta ɗauke a tsakiya.

TAMBAYA: Malam, ni sa'anka ne ko na girme ka, daga ƙasar Haɗeja. Me ya kai ka tallan Bature a shafin Hausa? Ina Shata? Ina Mu'azu Haɗeja? Ko sai abu ya zo daga Turai yake da daraja?

AMSA: Yaya, ranka ya daɗe, na karɓi faɗan. Shekara talatin na yi ina koyar da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Aƙilu Aliyu, har yau wasu baitocin suna kaina, ba zan sayar da su a kan kowa ba. Kuma in gasa ake, ka ajiye Sondheim a gaban taro, ka sa masa 'yan kalangu a baya, ka nuna masa wani attajiri ka ce ya yi masa waƙa yanzu-yanzu ba takarda, ko ɗa ɗaya ba zai iya ba. Shata ya yi wannan fiye da shekara hamsin har ya koma ga Allah a 1999. Shi wancan mutum ne mai kwana da kwanaki a kan layi ɗaya. A ƙasarsu ma an sha yi masa gorin cewa waƙoƙinsa ba sa kama baki, ka fito daga kallo ka kasa rera ko ɗaya, kuma wasunsu, gaskiya, ni ma kaina suke ɗaurewa.

Amma sana'ar ce ba ɗaya ba. In Shata ya buɗe baki, Shata kake ji, ko wa yake yi wa waƙar. In Mu'azu ya rubuta, malami ne ke yi maka gargaɗi da muryarsa. Wanda ya ɗan leƙa ɗaya gonar a cikin namu shi ne Ɗanmaraya Jos, da yake shiga rigar ɗan karen mota ko ya raba muryarsa tsakanin mata da miji a kan kuntigi ɗaya. Yaranmu yanzu wasan kwaikwayo suke yi, a dandali da waya, suna buƙatar wanda ya ƙware wajen ɓoye kansa ya bar wani ya yi magana. Da na ga inda aka kai wannan fanni maƙura, sai na nuna musu. Garmar shanu ma ba kakanninmu suka ƙera ta ba, ga ta nan a gonarka da tawa.

TAMBAYA: Malam, a taƙaice, yaya yake yin rubutun? Da kwamfuta? Daga wani ɗalibi a Ringim.

AMSA: Da fensir mai taushi da takarda ruwan ɗorawa mai layi-layi, yawanci yana kishingiɗe a doguwar kujera. Yana ajiye ƙamus na kalmomi masu amsa-amo ɗaya a kusa, ba ya jin kunyar buɗa shi. Kafin ya rubuta baiti yakan jera a gefen takarda duk abin da mai waƙar zai iya faɗa, da kalmomin da za su iya zama a bakinsa. Mutum ne mai son wasa ƙwaƙwalwa, har ya taɓa tsara wa wata mujalla ta Niyok irin wasan nan na cike gurbin kalmomi. A 2010 da 2011 ya tattara baitocinsa a littafi biyu, yana bin su yana nuna inda ya yi kuskure da hannunsa. Kuma yana amsa wasiƙun matasa, ya je kallon gwajinsu, ya gaya musu gaskiya kamar yadda aka gaya masa. Lin-Manuel Miranda, wanda ya yi wasa mai waƙa da ake kira Hamilton, yana cikin waɗanda suka riƙa kai masa aikinsu tun yana ɗanye.

To ɗana na Gujungu, mu dawo kanka. Ga abin da ka sa a bakin manomin da ruwa ya cinye wa gona:

Ambaliya annoba ce mai ban tsoro,
Ta jawo asarar rayuka da dukiya,
Muna kira ga hukuma ta kawo ɗauki.

Ba ka ce in duba kamar ban san ka ba, amma haka zan yi. Wannan ba manomi ba ne, mai karanta labaran ƙarfe bakwai ne. Na ga ruwan 2022 da idona, na ga mutanen da suka kwana a kan titi da awakinsu, ban ji wanda ya ce "asarar rayuka da dukiya" ba. Wani maƙwabcina tsayawa ya yi a bakin gonarsa, ruwa har gwiwa, kan gero yana leƙowa, abin da kawai ya ce shi ne, "An sa ranar yarinyar nan bayan kaka." Ya juya ya tafi.

Kunnenka yana da kyau, layinka na farko yana da rauji, shi ya sa na tsaya a kanka. Amma ka amsa mini waɗannan kafin ka sake ɗaukar biro. Dami nawa yake samu a gonar nan in shekara ta yi kyau? Takin da ya zuba, saye ya yi ko bashi ne, kuma wa ke bin sa? Wa yake yi wa waƙar: matarsa, ko ruwan, ko shi kaɗai ne a kan ganuwar gona? Me yake ɓoye wa iyalinsa? Kuma me ya yanke a baitin ƙarshe wanda bai yanke ba a na farko, zai tafi ci-rani ne ko zai sayar da saniyar?

Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan kawo riɗi kasuwarku. Ka neme ni wajen masu awo bayan azahar, ka zo da littafin gaba ɗaya, ba baiti uku ba, ka kuma samo wanda zai tsare maka rumfa, don za mu kai la'asar. Ka taho da fensir, biro ba ya goguwa.